Daga Kurmi Zuwa Sararin Samaniya: Tarihin Injin Zarto Da Ƙananan Jiragen Sama

Na san mai karatu zai ga kan wannan rubutu ya ce, to me kuma ya haɗa kifi da kaska? Injin zarto dai mun san shi. Shi ne wanda masu yankan katako ke saɓawa a kafaɗa su nausa daji, in suka finciko igiyarsa kukansa ya cika ko'ina, kafin ka ce kwabo bishiyar da ta shekara ɗari a tsaye ta kwanta. Jirgin sama kuwa, ko da na wasa ne da ake tuƙawa daga ƙasa da rimot, abu ne da bai son nauyi, bai son jijjiga, bai son garaje. Amma da na bi diddigin abubuwan nan biyu, sai na tarar akwai kusan shekara talatin da suka yi suna zaman aure a Amurka da Kanada da Turai, kuma 'ya'yan da aka samu a wannan aure suna nan suna shawagi a sama har gobe, wasu a filin wasa, wasu a fagen fama. Labarin nasu nake so mu ɗan taɓa, domin akwai abin da ya shafe mu a cikinsa.

ASALIN ZARTON

Abin mamaki, zarto mai sarƙa a ɗakin tiyata aka haife shi. A shekarun 1780 wasu likitoci biyu 'yan Sukotilan, John Aitken da James Jeffray, suka fito da wata 'yar sarƙa mai haƙora da ake ja da hannu don yanka ƙashi. A wajajen 1830 wani likitan ƙashi Bajamushe, Bernhard Heine, ya ɗora irin wannan sarƙa a kan ƙarfe ya yi mata mariƙin da ake juyawa. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin a kai ta daji. A 1926 Andreas Stihl ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a garin Stuttgart na Jamus. A 1927 Emil Lerp, mai kamfanin Dolmar, ya fito da mai shan fetur, shi ma Stihl ya biyo baya da nasa a 1929.

Waɗannan na farko ba abin da mutum ɗaya zai ɗauka ba ne. Nauyinsu ya haura kilo 40, sai ƙarti biyu sun kama, ɗaya nan ɗaya can. Bayan nauyi kuma suna da wata babbar matsala, wadda ita ce gishirin labarin nan namu. Kafireton babur da muka sani yana da ɗan kofi a ƙasansa inda mai ke taruwa, da wani ɗan abu da ke yawo a kan man yana buɗe hanya yana rufewa. Shi ya sa in babur ya faɗi za ka ga mai na tsiyaya, injin ya shaƙe ya mutu. To irin wannan kafireto ne a jikin zartunan farko, saboda haka dole injin ya zauna a tsaye, in za a kayar da bishiya sai dai a karkata bakin zarton shi kaɗai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka samo maganin abin. Kamfanoni irin su Tillotson, daga baya kuma Walbro da aka kafa a jihar Michigan a 1950, suka yawaita ƙera kafireto marar kofi. A madadin kofin sai aka sa wata siririyar fatar roba, kamar fatar kalangu. Duk sanda fistin ya hau ya sauka, iskar da ke cikin injin za ta bugi fatar, ita kuma ta zuƙo mai daga tanki daidai buƙata. Da wannan dabara, ka kifa injin, ka kwantar da shi, ka ɗaga shi sama, ba ruwansa, aiki kawai yake. A 1949 kamfanin McCulloch ya fito da zarto mai kilo 11 wanda mutum ɗaya zai riƙe. A 1963 Homelite ya fito da XL-12 mai kilo biyar da rabi. Wato dai masu zarto sun shafe shekaru suna neman inji marar nauyi, mai ƙarfi, mai jure wahala, wanda zai yi aiki ko a kife. Ba su san cewa suna yi wa wasu mutane daban tanadi ba ne.

MASU WASA DA JIRGI

Su kuma waɗancan mutane, tarihinsu ya faro ne daga jiragen da ake yi da itacen balsa da takarda, a murɗa roba ta juya farfela. A farkon shekarun 1930 wani saurayi ɗan Philadelphia mai suna Bill Brown ya ƙera ɗan ƙaramin inji mai cc 10, mai fulogi da kwayil da batir, sak na babur amma a tafin hannu. Abokinsa Maxwell Bassett ya ɗora shi a jirgi ya je gasar ƙasa ta 1933, ya kwashe kyaututtukan masu roba, har sai da aka ware wa masu inji rukuninsu daban. A 1936 aka kafa ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka wadda ake kira AMA. Daga 1937 wasu tagwaye 'yan Kalamazoo, Walter da William Good, suka fara tuƙa jirginsu mai suna Guff da rediyo. Jirgin yana ajiye yanzu a gidan tarihin Smithsonian.

Tun a lokacin sojoji suka sa ido. Akwai wani ɗan wasan fim haifaffen Ingila, Reginald Denny, wanda ke da shagon sayar da kayan ƙananan jirage a Hollywood. Shi ya kafa kamfanin Radioplane, wanda ya ƙera wa sojojin Amurka kusan jirage 15,000 marasa matuƙi, ciki har da samfurin OQ-2, don masu harbo jirgi su riƙa koyon saiti a kansu. A masana'antar ne wani mai hoto na soja ya ga wata ma'aikaciya mai suna Norma Jeane, wadda duniya ta sani daga baya da Marilyn Monroe. Jiragen da kamfanin ya yi bayan yaƙi kuwa, samfurin OQ-19, injin McCulloch ne a jikinsu, wato kamfanin nan dai mai zarto. Ka ga ashe akwai 'yar tsohuwar dangantaka tun kafin a kai ga ɗaura aure.

A 1947 Ray Arden ya fito da wani sabon fulogi wanda ya sauya wasan gaba ɗaya. Shi ba ya tartsatsi. Wata 'yar waya ce ta filatinam a cikinsa, a ɗana mata batir ta yi ja, inji na tashi a cire batirin, ta ci gaba da ja da kanta saboda yadda take haɗuwa da tururin man. Sai dai man ba fetur ba ne, haɗi ne na sinadarin metanol da man zurma, da ɗan wani sinadari mai ƙara wuta. Da zuwan wannan fulogi aka yar da kwayil da batir, jirage suka yi sakayau, fetur ya zama tsohon yayi. Kusan shekara talatin haka aka tafi. Dokokin gasar ƙasa da ƙasa na lokacin sun tsayar da girman inji a cc 10, nauyin jirgi a kilo 5, su ma kamfanoni suka tsaya inda doka ta tsaya.

RASHIN UWA KAN SA A YI UWAR ƊAKI

A shekarun 1970 rediyon tuƙi ya inganta, ya yi sauƙin kuɗi, ana iya dogara da shi. Sai ran mutane ya fara biya wa manyan jirage. Dalilinsu mai kyau ne: babban jirgi ya fi natsuwa a sama, iska ba ta wasa da shi kamar ƙarami, ido na ganinsa daga nesa, kuma tafiyarsa ta fi kama da ta jirgin gaske. Yayin da aka shiga shi ne a ɗauki jirgin gaske a ƙera kwatankwacinsa a kashi ɗaya bisa huɗu. In ka ɗauki Piper Cub, wanda faɗin fukafukansa ƙafa 35 ne da 'yan kai, rubu'insa zai ba ka abin da ya kusa mita uku. Wannan ya wuce a kira shi abin wasan yara, sai an kwance fiffiken kafin ya shiga mota.

To a nan gizo ke saƙar. In ka ninka tsawon abu sau biyu, faɗin fiffikensa zai ninku sau huɗu, nauyinsa kuwa zai iya ninkuwa har sau takwas. Injin cc 10 ba zai iya ba. Wasu suka gwada haɗa inji biyu. Wasu suka sa bel don ƙaramin inji ya juya babbar farfela a hankali. Duk dai maneji ne. Ga kuma tsadar mai, domin ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ta metanol bai wuce rabin na fetur ba, ga shi kuɗin haɗin ya ninka na fetur ninkin ba ninkin. Ga man zurma da ke fita ta salansa yana damalmale jikin jirgi, kullum aka sauko sai an bi da tsumma.

Ana cikin haka wasu suka waiwaya ɗakin ajiyarsu suka ga zarto a rataye. Inji ne mai cc 30 zuwa 60, mai shan fetur ɗin gidan mai, mai kafireton da ba ya damuwa ko jirgi ya yi alkafura, wanda aka ƙera don ya yi ɗaruruwan awoyi cikin ƙura da garin katako. Ga shi ana ƙera shi dubbai, saboda haka yana da araha, kayan gyaransa kuma suna kowane ƙauye. Abin nema ya samu.

Wanda ya fara yin suna shi ne Quadra, wanda ya fito daga Kanada a tsakiyar shekarun 1970. Asalinsa injin zarto ne mai kimanin cc 35, ƙarfinsa wajen na doki biyu, nauyinsa ya kusa kilo biyu, yana juya farfela mai inci 18. Na farko-farkon suna da jijjiga, har mutane suka riƙa sake daidaita nauyin fulawul ɗinsu don kada su wargaza jirgi. Duk da haka shi ne ya buɗe ƙofa. A 1980 masu manyan jirage suka kafa tasu ƙungiyar, IMAA, suka ce jirgin da za a kira babba sai faɗinsa ya kai inci 80 in mai fiffike ɗaya ne, ko inci 60 in mai hawa biyu ne, ko kuma ya zama cikakken rubu'in na gaske. Daga Japan aka samu injinan Kioritz da Zenoah, musamman G38 da G62. Daga Jamus aka riƙa ɗauko silinda da fistin na Sachs-Dolmar ana ƙera musu sabon gida. Don mai karatu ya gane girman abin da ake magana, G62 cc 62 ne, ƙaramin janaretan Tiger ɗin nan da ke ƙofar kowane shagon aski kuwa cc 63 ne, kuma duk dangi ɗaya ne, masu shan fetur gauraye da baƙin mai.

Kai, abin bai tsaya ga jirgin rimot ba. A 1978 wani matashi ɗan Kanada, Dale Kramer, ya ƙera jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya mai suna Lazair, ya ɗaura masa injinan zarto biyu na kamfanin Pioneer, kowanne cc 100 da ƙarfin doki biyar da rabi. Ya tashi, kuma an sayar da shi ga jama'a.

YADDA AKE FEƊE ZARTO

Ba kowa ke da kuɗin sayen wanda kamfani ya riga ya gyara ba. Talakawan wasan su ne suka fi burge ni, waɗanda ke zuwa bola ko wajen masu gyara su sayi mataccen zarto ko injin yankan ciyawa a kuɗin banza, su mai da shi gida. Sunayen da suka yi tashe a hannunsu a shekarun 1990 da farkon 2000 su ne Homelite da Poulan da McCulloch da Echo, da kuma Ryobi mai cc 31. Bari in ɗan tsaya a kan aikin, domin a nan basirar take.

Farko sai fiɗa. A cire sarƙa da ƙarfen da take gudu a kai, a cire kuloci, a cire tanki da mariƙi da igiyar tayarwa da duk robobin jiki. A zarto mai araha, injin a cikin gidan roba yake zaune, ana kwance 'yan kusoshi zai fito kamar ƙwallon mangwaro. A zarton ƙwararru kuwa, cikin injin da tankin man sarƙa ƙarfe ɗaya ne aka zuba, sai an bi da zarton ƙarfe da magagari an yanke duk abin da ba a buƙata. Ƙarfen nan sau da yawa maganiziyam ne, garinsa yana kamawa da wuta, in kuma ya kama ruwa ba ya kashe shi, ƙara masa fushi yake, sai dai busasshen yashi. Duk giram ɗin da aka rage riba ce, domin a jirgi nauyi shi ne abokin gaba.

Sai maganar inda farfela za ta zauna. Karanshaf yana da baki biyu, ɗaya wajen kuloci, ɗaya wajen fulawul. Farfelar da ake sayarwa a kasuwa, in ka tsaya a gaban jirgi, tana juyawa ne saɓanin hannun agogo. Aka yi dace bakin da ke wajen fulawul haka yake juyawa, saboda haka galibi a nan ake ɗaura ta. Sai a je wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da mazaunin farfela da alminiyam. Wannan aiki ba ya son ha'inci. In mazaunin ya karkace ko da kaurin gashi ne, jijjigar da zai haifar za ta kwance kusoshi, ta kumfanta mai a tanki, ta kashe na'urorin rediyo.

Shi kansa fulawul yana da fukafukai da ke hura wa silinda iska a cikin zarto. A jirgi farfela ce ke wannan aiki, don haka ake aske su a rage nauyi, a bar maganaɗisun da ke ba kwayil wuta. Daga baya da na'urar wuta ta lantarki ta samu, sai aka riƙa jefar da fulawul ɗin da kwayil ɗinsa baki ɗaya. A dasa ɗan maganaɗisu kamar ƙwayar gero a jikin mazaunin farfela, a kafa ɗan abin da ke jin wucewarsa, a saita wuta ta tashi kimanin digiri 28 zuwa 30 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Na'urar da kanta take jinkirta wutar in injin na tafiya a hankali, wanda hakan ya rage yadda farfela ke dawowa ta bugi hannun mai tayarwa.

Akwai kuma bambancin hali. Zarto yana son gudu, in ba ya cin itace yakan yi juyi 12,000 ko fiye a minti ɗaya. Farfela babba ba ta son haka, tsakanin 7,000 da 8,000 ta fi yin aiki. Sai mai jirgi ya yi ta gwada farfeloli har ya dace da wadda za ta riƙe injin a inda ƙarfinsa yake. Salansar zarto ma a shaƙe take, sai a huda ta ko a ƙera wata. Kafireto yana da allurai biyu, ta ƙaramar wuta da ta babbar wuta, a yi ta murɗa su da kunne a kan kukan injin, kamar mai gyaran tsirkiyar gurmi. In man ya yi kaɗan injin zai yi zafi ya ƙone a sama, in ya yi yawa ya riƙa tari yana hayaƙi. Fetur ana gauraya shi da baƙin mai, kashi 32 zuwa 50 na fetur a kan kashi ɗaya na mai. Hatta tiyon mai sai an sake, don wanda ake amfani da shi a injin metanol kumbura yake ya lalace in ya sha fetur.

Babbar fargaba ita ce tartsatsin fulogi. Duk wanda ya taɓa sauraron rediyo babur ya wuce ya ji ƙarar da ke shiga. To ka ƙaddara wannan ƙara ta shiga rediyon da ke riƙe da jirgi mai kilo goma a sama. Shi ya sa suke sa fulogi mai rage tartsatsin da ke fita waje, su lulluɓe wayarsa, su nisanta kayan rediyo daga na wuta da kamar tsawon ƙafa guda, su guji haɗa kafireto da na'urar da ke jansa da sandar ƙarfe. Kuma dole a sa makashin wuta a waje inda hannu zai kai, domin injin fetur mai fulawul ba ya jiran batirin kowa, in ya tashi ya tashi ke nan. Farfela mai inci 22 da ke juyi 7,000 a minti, bakinta na gudun da ya haura kilomita 700 a awa. Wanda ya miƙa mata yatsa ba zai sake ƙirga goma ba.

Duk da wannan wahala, jirgin da aka samu yakan ɗan fi nauyi, ƙarfinsa kuma bai kai na injin da aka ƙera musamman ba. Don haka aka fi sa su a jirage masu faɗin fiffike da tafiyar kasaita, irin su Cub da kwaikwayon jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya. A nan nauyin ma ya zama alheri, domin waɗannan jirage gajeren hanci gare su, da ma sai an ƙara musu dalma a gaba kafin su daidaita.

IN KIƊA YA CANZA

Abubuwa huɗu suka taru suka rage wa sana'ar kasuwa. Na farko, kamfanoni irin su 3W na Jamus da Desert Aircraft na garin Tucson a Amurka sun fara ƙera injinan fetur don jirgi kawai. DA-50 nasu bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ga ƙarfi kamar me. Na biyu, a ƙarshen shekarun 2000 injinan Sin irin su DLE suka cika kasuwa da araha, har ya zama in ka lissafa kuɗin mai sassaƙa da na na'urar wuta, gara ka sayi sabo. Na uku, dokokin rage hayaƙi da Amurka ta fara ɗora wa ƙananan injina daga ƙarshen shekarun 1990 sun sa sababbin zartuna sun zo da shaƙaƙƙiyar salansa da kafireton da aka kulle allurarsa. Na huɗu, batirin litiyam da injin lantarki marar gawayi sun janye sababbin shiga. Ko tsohuwar fargabar tartsatsi ta ragu ƙwarai tun da Spektrum ya kawo rediyo mai zangon 2.4GHz a tsakiyar shekarun 2000. Har yanzu akwai masu yi, amma don sha'awa ne da jin daɗin aikin hannu.

Sai dai ka buɗe kowane ɗaya daga waɗannan sababbin injina ka duba. Kafireton nan ne dai mai fatar kalangu, sau da yawa ma na Walbro ko kwaikwayonsa. Fistin da silinda da ringi duk zubin na zarto ne. Ɗa ya bar gida amma kamannin uba na nan a fuskarsa.

WASA YA ZAMA GASKE

Ga ɓangaren da ke sa ni jimami. Injin da aka gyara don ya ɗaga jirgi mai kilo 20 ya yi awoyi a kan 'yan litocin fetur, bai san bambancin ɗaukar kwalliya da ɗaukar bam ba. Masu bincike da suka duba tarkacen jirage marasa matuƙi na 'yan Huthi a yaƙin Yaman, ciki har da kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya, sun tarar da injinan DLE da na 3W a jikinsu. Jirgin leƙen asirin Rasha mai suna Orlan-10, wanda ya yi suna a yaƙin Yukiren, an same shi da injin Saito na Japan, wanda aka ƙera don masu wasa. Hanyar da Reginald Denny ya fara bi ita ce ta zama gwadabe. Sakamakon haka hukumomi suka tsananta. Amurka ta wajabta rajistar ƙananan jirage daga Disamban 2015. A Najeriya ma, a 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta sanar cewa ba wanda zai tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dattijon da ke feɗe zarto a garejinsa don ya faranta wa jikansa rai, yanzu laifin wasu ya shafe shi.

Abu na ƙarshe da na tsinta a wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Yawancin mutanen nan ba injiniyoyi ba ne. Manoma ne da malaman makaranta da makanikai da 'yan fansho. Abin da ya sa iliminsu ya taru ya yi tsiri shi ne suna rubutawa. Mujallar Model Airplane News tun 1929 take fitowa, ga kuma takardun ƙungiyoyi. Wanda ya gano yadda ake aske fulawul zai zana ya aika, wani a wata jihar ya karanta ya ɗora daga nan, wanda injinsa ya ƙone ya faɗi dalili don kada na baya ya maimaita.

Mu ba basira muka rasa ba. Yaran da ke ƙera mota da jirgi da karan dawa da gwangwani suna nan a kowane lungu. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san abin da hannun mutanenmu ke iya yi da ƙarfen da wani ya yar. A 2007 kafafen labaran duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Amma a ina aka rubuta yadda makanikin Panteka ke gane ciwon inji daga kukansa? A wane littafin Hausa yaro zai karanta ma'aunin fiffike da farfela? Ilimin yana ƙirjin oga, yaronsa ya ɗebi abin da ya ɗeba a shekarun koyo, ranar da oga ya kwanta dama sauran ya bi shi.

Mu da muke rubutu da Hausa mun cika kasuwa da littattafai, kuma jama'a na saye suna karantawa, wannan abin alfahari ne. Ina ganin lokaci ya yi da wasu daga cikinmu za su ɗauki biro da takarda su je su zauna a bencin gareji, su tambaya, su auna, su zana, su rubuta da harshen da yaron shago zai gane. Mai zarto da mai jirgi ba su san juna ba sai da takarda ta haɗa su.

Sai mun sake haɗuwa.